Harafin da Aka Ɓoye a Wuyan Riga

An ce wai a wani gari da ake kira Dogon Marke an yi wani Sarkin Kasuwa mai suna Mamuda. Dattijo ne mai jinkirin magana, mai yawan tambaya. Bai yi boko ba, wayarsa ma 'yar ƙarama ce, ta kira da amsawa kawai. Amma a shekara ashirin da ya yi yana sasanta 'yan kasuwa, ba a taɓa jin wanda ya tashi daga gabansa yana cewa ba a saurare shi ba.

A kasuwar akwai wata mata, Hajiya Turai, wadda ta gaji sana'ar aikin wuyan riga daga mahaifinta. Shi mahaifin da allura da zare ya yi zamaninsa. Ita kuwa nata zamanin ya zo da injin aiki mai kwamfuta, wanda ake ba shi zane ya ɗinka shi a kan shadda cikin sa'a guda. Saboda haka dukiyarta ba injin ba ce, ba kuma shaddar ba, zanen ne. Ita ke zama ta zana da hannunta, ta mayar da shi fayil a kwamfuta. Duk wanda ya san riga ya san hannun Turai, ko da daga nesa ya hango.

Tana da shaguna biyu a wasu garuruwa. Na Zariya yana hannun Malam Barau, tsohon maɗinki da ya yi wa mahaifinta aiki tun tana goye, har Baba take kiransa. Na Maraɗi yana hannun ƙaninta Lawandi, uwa ɗaya uba ɗaya. Da can direban mota ake ba zane ya kai musu, wani lokaci ya ɓata a hanya, wani lokaci ya yi kwana uku a tasha. Sai ta buɗe ma'ajiya a intanet, irin wadda mutum ke ɗora fayil a ciki ya ba wanda ya ga dama linki, wato adireshin da ake dannawa a shiga. In ta gama zane da hantsi ta ɗora, kafin azahar Barau ya sauke a Zariya, Lawandi ya sauke a Maraɗi. Shekara biyu ana haka lafiya lau.

A shekara ta uku sai abu ya lalace. Akwai wani mai injin aiki a layin 'yan shadda, ana ce masa Alhaji Tanimu. Turai ta fitar da sabon zane, kafin shagunanta su gama rigar farko sai ga shi rataye a ƙofar shagon Tanimu. Ta ce ƙila tunani ne ya zo ɗaya. Aka sake na biyu, ta haƙura. Na uku kuwa zanen da ta yi kwana arba'in a kansa ne, wanda ta tanada domin Babbar Salla. Shi ma ya riga ta fita kasuwa.

Ta taka har shagonsa, ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ina ka samu wannan zane?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ke kaɗai Allah ya ba basira? Ni na zana abina."

Ta koma gida jiki a sanyaye, domin ta san mutum biyu kaɗai ta ba linkin ma'ajiyarta a duniya.

Labari ya kai Maraɗi, Lawandi ya zo a fusace. Ya ce, "Yaya, ba sai an yi dogon bincike ba. 'Yar Baba Barau a unguwar su Tanimu take aure. Tsufa ba ya hana kwaɗayi." Labari ya kai Zariya, Malam Barau ya hau mota ya zo shi ma. Da ya ji abin da aka ce a kansa sai idonsa ya kaɗa, ya ce, "Ni da na ɗauki makarar ubanku? To, a tambayi yaron nan wa aka gani suna cin abinci kwano ɗaya da Tanimu ranar sunan gidan Liman." Daga nan magana ta yi zafi, kowa ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Kasuwa ta rabu biyu, wasu na bayan tsoho, wasu na bayan ɗan'uwa.

Da safe suka taru a rumfar Sarkin Kasuwa. Turai ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, na rasa inda zan sa kaina. In na ce ƙanina ne, na yanke zumuncin da uwarmu ta bar mana wasiyya a kansa. In na ce Baba ne, na tozarta mutumin da ya koya mini riƙon allura. In kuma na yi shiru, sana'ar gidanmu ta mutu ina kallo. Ga su nan, dukansu sun ce a rantsar da su."

Sarkin Kasuwa ya dubi mutanen biyu. Ya ce, "Ba zan ba ku Littafi ba. In kun rantse ku biyu alhali ɗaya maƙaryaci ne, na taimaka masa ya halaka kansa, ban kuma gano shi ba. In kuwa dukanku masu gaskiya ne, kun rantse a banza, domin mutanen kasuwa za su ci gaba da nuna ku da baki har ku mutu. Rantsuwa tana rufe shari'a, amma ba ta wanke fuska. Ku ba ni kwana goma. Kowa ya koma bakin aikinsa, kada wanda ya sake ambaton ɗan'uwansa."

Da suka fita, ya ce Turai ta dakata.

Ya ce, "'Yata, ni ban san wannan ma'ajiya taku ba. Ki yi mini bayani kamar yadda za ki yi wa ɗan ƙauye. Ɗaki ce?"

Ta ce, "Kusan haka, ranka ya daɗe. Ɗaki ne da ba a ganinsa, amma kayan suna ciki."

"Da me ake buɗe shi?"

"Da linki. Duk wanda ke da shi ya danna, ya shiga."

"Mai gadi yana tambayar sunansa?"

Ta ce, "A yadda na saita ta, a'a. Na bar ta haka ne don kada Baba ya sha wahalar shiga."

"To ana iya gina wa kowannensu ɗakinsa daban, wanda ba mai shiga sai shi?"

"Ana iyawa. Sai in ɗaure ɗakin da imel ɗinsa. Ko wani ya samu linkin, ba zai buɗe masa ba."

Sarki ya gyara zama, ya ce, "Madalla. Kin yi karatun allo?"

Ta ce, "Na yi."

Ya ce, "To ga abin da za ki yi. Ki zana sabon zane, mai kyan da duk ɓarawo ba zai iya haƙuri da shi ba. Ki sa masa dagi a tsakiyar ƙirji, mai zare da yawa da ke shiga cikin juna. Sa'an nan ki yi shi kashi uku, waɗanda ido ba zai bambance su ba. A cikin dagin na farko ki ɓoye harafin ba na ajami, farkon sunan Barau, ki sa a sabon ɗakinsa. A na biyu ki ɓoye lam, farkon sunan Lawandi, ki sa a nasa. A na uku ki ɓoye harafin ta, farkon sunanki, ki ajiye a tsohuwar ma'ajiyar. Ki gaya musu daga yau kowa a ɗakinsa zai riƙa ɗaukar aiki. Kada ki gaya wa kowa maganar haruffa."

Turai ta ce, "Ranka ya daɗe, na gane biyun farko. Na ukun fa? Ai mutum biyu ake zargi."

Ya ce, "Ke mutane kike ƙirgawa, ni ƙofofi nake ƙirgawa. Mutum biyu ne, amma ƙofa uku ce."

Ta tafi ta yi yadda ya ce. Kwana uku ta yi a kan zanen, ta saƙa kowane harafi cikin lanƙwasar zare ta yadda sai wanda aka nuna wa zai gani. Ta ɗora, ta aika wa kowa nasa. Daga nan ta shiga zaman jiran da ba ta taɓa yin irinsa ba. In ta tuna harafin ba, sai ta ga Baba Barau yana sa mata ƙoƙon ɗinki a yatsa tana yarinya. In ta tuna lam, sai ta ga Lawandi a bayanta tana goyonsa zuwa makarantar allo. Abinci ya daina shiga. Har addu'a ta riƙa yi kada zanen ya fito ko kaɗan, ko da sana'ar za ta tafi.

Ranar kwana na bakwai zanen ya fito. Farar shadda ce, da aiki ruwan ƙasa, rataye a ƙofar shagon Tanimu, mutane sun tsaya suna yabawa. Sarkin Kasuwa ya je da kansa ya sayi rigar, ya sa aka naɗe ta, ya tafi da ita gida. Ya aika Zariya da Maraɗi, ya ce kowa ya hallara ranar Laraba bayan la'asar, har da Alhaji Tanimu.

Ranar Laraba rumfa ta cika, har mutane suka tsaya a rana. Sarki ya ajiye rigar a naɗe a kan cinyarsa, ya dubi Tanimu.

Ya ce, "Alhaji, na sayi riga a wurinka, ta kuwa burge ni. Wa ya zana aikin?"

Tanimu ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Duka? Ba wanda ya taya ka?"

"Kowane layi, kowane ɗigo, daga kaina ya fito."

Sarki ya ce, "Jama'a kun ji." Sa'an nan ya bayyana musu dabarar da aka yi, da ɗakuna uku, da haruffa uku. Ya ce, "Rigar nan ta san ƙofar da ta fito. Yanzu za mu tambaye ta." Ya warware ta, ya shimfiɗa a kan tabarma. Turai ta kau da kai, ta rufe fuska da mayafi, ta kasa dubawa.

Lawandi ne ya fara sunkuyawa. Ya bi zaren dagin da yatsa, ya bi, ya bi, har ya iske wani ɗan lanƙwasa a kwance kamar ƙaramin kwale-kwale. Ya yi zumbur ya miƙe ya ce, "Harafin ba ne! Wallahi ba ce! Lam a tsaye take, wannan kuwa a kwance. Ga ta nan kowa ya gani!"

Rumfa ta ɗauki hayaniya. Malam Barau ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, leɓensa na motsi da salati.

Sarki ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya ce, "Lawandi, wa ya koya maka karatu? Harafin ba da na ta ai jikinsu ɗaya ne, ɗigo ne ke raba su. Duba ƙarƙashinta. Akwai ɗigo?"

Lawandi ya sake sunkuyawa. Ya ce, "Babu."

"Samanta fa?"

Lawandi ya duba samanta. Da ƙaramar murya ya ce, "Biyu."

Turai ta sauke mayafi, ta matso ta duba. Ɗigo biyu ne a sama, inda ita da hannunta ta ajiye su. Ta ce, "Harafin ta ne, nawa. Daga tsohuwar ma'ajiya aka ɗauka."

Sarki ya juya ga Tanimu ya ce, "Alhaji, ka ce kowane ɗigo daga kanka ya fito. To yaya aka yi ka ɗinka sunan Turai a ƙirjin rigarka?"

Tanimu ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Saura tambaya ɗaya, ita ce kuma babba. Mun san ba wanda ya miƙa maka zanen daga sabon ɗakinsa. Amma linkin tsohuwar ma'ajiya wani ne ya ba ka. Fito da wayarka ka nuna mana ko wane ne. In ka faɗi gaskiya yanzu, za a sassauta maka."

Tanimu ya ciro waya. Ya yi ta jan saƙonni baya, har ya kai watannin da suka wuce. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba Malam Barau ba ne, ba Lawandi ba ne. Ban taɓa maganar zane da ko ɗayansu ba. Wani mai sayen riga ne ya turo mini, ya ce in yi masa irin wannan. Da na danna sai na ga ba hoto ɗaya ba ne, ɗaki ne guda cike da zane. Bayan mako na sake dannawa, na tarar an ƙara sabo. Tun daga nan nake leƙawa."

Ya miƙa wayar. Sarki ya ce Turai ta karanta da ƙarfi. A saman linkin akwai 'yan kalmomi, ta karanta: "Ga samfurin nan, a duba a zaɓa. Na gode. Turai."

Ta ciro tata wayar, ta shiga guruf ɗin masu sayen kayanta, mai mutum sama da ɗari biyu, ta nemi kalmomin. Sai ga saƙon, daga lambarta, da ranarsa. Nan take ta tuna. Ranar bikin 'yar maƙwabciyarta ce, tana tsakiyar rabon abinci wani ya matsa mata a guruf yana neman samfuri. Ta yi nufin tura linkin hoto ɗaya, sai ta tura na ma'ajiyar gaba ɗaya. Ba ta sake waiwayar saƙon ba.

Ta dafe kai ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ni ce."

Sai kuma wani abu ya faru da ya ba mutane mamaki. Matar da aka nuna wa kuskurenta a bainar jama'a ta fashe da kuka tana dariya, tana cewa, "Alhamdu lillahi! Ni ce, ba su ba ne. Alhamdu lillahi da ya zama ni ce!" Ta rarrafa zuwa gaban tsohon ta ce, "Baba, ka yafe mini. Ban furta da bakina ba, amma zuciyata ta yi zarginka."

Malam Barau ya mayar da hularsa, ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Tashi, Turai. Kwana goma ke nan ina roƙon Allah kada ya zama yaron nan ne, don na san ba za ki iya ɗauka ba."

Da Lawandi ya ji haka sai ya matso. Ya zube a gaban tsohon ya kama ƙafarsa, ya ce, "Baba, ni ina neman a kama ka, kai kana yi mini addu'a. Ban da bakin da zan roƙe ka."

Barau ya ɗago shi ya ce, "Ni ma ai na ambaci kwanon abincinka. Mu yafi juna, Allah ya yafe mana."

Sarkin Kasuwa ya bari hankula suka kwanta, sa'an nan ya yanke hukunci. Ya ce, "Alhaji Tanimu, gaskiya ne ba ka fasa ƙofa ba, a buɗe ka same ta. Amma buɗewar ƙofa ba ta mayar da kayan ɗaki naka ba. Ka san mai su, ka kwasa, ka ce naka ne, ka kuma zuba ido ana neman raba gida guda saboda kai. Za ka goge duk zanen Turai da ke cikin injinka a gaban shaidu. Za ka sauke rigunan da ke rataye. Gobe da hantsi kuma za ka tsaya a layin 'yan shadda ka faɗa da bakinka cewa Barau da Lawandi ba su da laifi. Saboda ka faɗi gaskiya a ƙarshe, ba zan kore ka daga kasuwa ba."

Tanimu ya ce, "Na karɓa, ranka ya daɗe. An yi mini adalci."

Sarki ya dubi Turai ya ce, "Ke kuma, kuskurenki ba cin amana ba ne, gaggawa ce. Hukuncinki shi ne ki rufe ƙofar nan yanzu, muna gani."

Ta shiga ma'ajiyar, ta sauya saitinta daga na kowa da kowa zuwa na waɗanda ta ambata da suna kaɗai. Ta soke tsohon linkin. Abin bai ɗauki minti biyu ba. Sarki ya ce Tanimu ya danna nasa a gwada. Ya danna, ya juyo da fuskar wayar ga jama'a. Ba zane ko ɗaya, sai ɗan rubutu da ke cewa ba shi da izinin shiga. Rumfa ta ɗauki kabbara, wani mai sayar da zare daga baya ya ce, "Wallahi bari in je in duba tawa!" Aka kwashe da dariya, mutane da dama suka shiga laluben wayoyinsu.

Ana haka aka kira sallar magariba. Aka ga Lawandi ya riga kowa tashi, ya ɗebo ruwa a buta ya kawo wa Malam Barau, suka tafi masallaci kafaɗa da kafaɗa. Turai ta koma gida, ta ce a ɗumama mata tuwo, ta cinye tas.

Masu ba da wannan labari suna rufe shi da cewa: kafin ka nemi wanda ya ci amanarka, fara duba abin da hannunka ya bari a sake. Wanda ya fara da binciken kansa, ko ya samu laifi, gyaransa na ɗan lokaci ne. Wanda kuwa ya fara da zargin masoyansa, yana iya tsare dukiyarsa ya rasa mutanen da ya tara ta dominsu.